Maƙoshin Yayana ya huje bayan amai: ana tashi daga wannan ciwon?

Maman Yusra: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah likitocin zauren nan da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan ku taimaka min, kaina ya kulle. Yayana ne, shekararsa 46, ko hawan jini ba shi da shi. Ranar Asabar aka yi walima a unguwarsu, ya ci abinci sosai, da daddare cikinsa ya ɓaci. Wajen ƙarfe biyun dare amai ya taso masa. Matarsa ta ce ya yi ta kakari, har yana toshe baki da hannu don kada ya ɓata ɗaki kafin ya kai bayi. Yana gama aman ya dafe ƙirji ya durƙushe, ya ce ji ya yi kamar an soka masa wuƙa ta ɓullo ta baya. Da safe aka kira mai kemis, ya ce olsa ce ta tashi, ya ba da farin maganin nan na ruwa da allura. Litinin muka kai shi wani ƙaramin asibiti, su ma olsa suka ce, suka ɗaura masa ƙarin ruwa. Sai jiya Talata da numfashi ya fara gagararsa, wuyansa ya kumbura, aka tura mu babban asibiti. An yi hoton CT, suka ce maƙoshinsa ne, wato hanyar abinci, ya huje can ƙasa kusa da tumbi, abin da ya ci yana zuba cikin ƙirji. Sun ce tiyata yau ɗin nan. Dangi sun rabu biyu, wasu sun ce a sa hannu, wasu sun ce a nemi biza a fita da shi Masar. Ni dai ku gaya min gaskiya, ana tashi daga wannan ciwon?

Ummu Salma: Innalillahi. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya sa kaffara ne.

Abban Sadiq: Hajiya kwantar da hankalinki, ga ni nan da raina, ni ma an ce min nawa ya huje. Ƙayar tarwaɗa ce ta maƙale min a wuya. Na yi abin da kowa ke yi, na cura lomar tuwo na haɗiye ba tauna don ta tura ta, har sau uku. Ashe ƙara nutsa ta nake yi. Kwana biyu ko yawu ba na iya haɗiyewa, ga zazzaɓi. Suka zura min kyamara ta baki suka ciro ta, suka ɗan tsaga gefen wuya suka sa roba mugunya ta fita, aka hana ni ci ta baki na wajen kwana goma. Yau shekara huɗu, kifi ma na koma ci, sai dai da fitila a kusa. Ba wani abin tashin hankali ba ne.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni likitan tiyata ne, amma ban ga majinyacin ba, don haka maganar likitocin da ke kansa tana gaba da tawa. Amsar tambayarki: e, ana tashi, kuma masu tashi sun fi masu rasuwa yawa nesa ba kusa ba. Sai dai ciwo ne da ba ya son a kwana da shi, ku kuma kun kwana uku.

Abban Sadiq, Allah ya ƙara lafiya, amma naka da nasa ba ɗaya ba ne. Maƙoshi tsawonsa kamar santimita 25, daga wuya ya bi ta tsakiyar ƙirji, bayan zuciya, tsakanin huhu biyu, sannan ya sauka tumbi. In ya huje a wuya, ƙazantar ba ta cika samun filin bazuwa ba, kuma wurin kusa yake da hannun likita. In a ƙirji ne, yawu da ruwan tumbi mai tsami da guntayen abinci duk malala suke yi gefen zuciya da huhu, kuma duk numfashin da mutum ya ja ƙirjin ƙara zuƙo su yake yi. Daga nan sai ruɓa, sai ƙwayoyin cuta su shiga jini. Hanji yana da wata 'yar fata ta waje da ke ƙara masa ƙwari, maƙoshi a ƙirji ba shi da ita, shi ya sa ɗinkinsa ke da wuyar kamawa. Irin na Yayanki da amai ya jawo galibi ta hagu yake tsagewa can ƙasa. Ina kyautata zaton sun ce miki ruwa ya taru gefen huhun hagu.

Ga alƙaluma. A 2013 an tattara sakamakon bincike 75 da aka yi kan manya masu wannan ciwo. Gaba ɗaya kusan 12 cikin 100 ne suka rasu. Waɗanda aka fara yi wa magani kafin awa 24 ta cika, kusan 7 cikin 100. Waɗanda aka wuce awa 24, kusan 20 cikin 100. Masu huji a wuya irin Abban Sadiq, kusan 6. Ki sani dai galibi manyan asibitoci ne masu kayan aiki suka ba da waɗannan alƙaluma, kada ki ɗauka namu ne daidai wa daida. Shawarata ku sa hannu yanzu, kafin ki gama karanta wannan ma.

Baba Alhaji: Haba Dakta. Yarinyar nan a ruɗe take, kai kuma kana lissafa mata mamata kamar mai awon hatsi a kasuwa. Rai a hannun Allah yake. Wanda kwanansa ya ƙare ko a minti ɗaya aka kai shi zai tafi, wanda ke da sauran shan ruwa ko wata ya yi zai tashi. Ka ce su sa hannu, ka yi musu addu'a, ya wadatar. Ba kowace gaskiya ake faɗa a gaban mai jinya ba.

Maman Yusra: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni na roƙa. Tun jiya duk wanda na tare a baranda sai ya ce "muna iya ƙoƙarinmu" ya wuce. Ni 20 ɗin nan da Dakta ya faɗa, 80 masu tashi na ji. Kuma e Dakta, hagu ne, sun riga sun sa masa roba a haƙarƙari tun daren jiya.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Da aka ce olsa ce, ni da hannuna na dama masa kunun tsamiya ranar Lahadi, na ce ciki ba ya son zama wayam. Yana kurɓa yana runtse ido, ina cewa daure Yaya, ƙara kaɗan. Kofi guda ya shanye don kada ya ɓata min rai. Jiya da aka sa robar nan na tsaya ina kallon abin da ke gangarowa cikin kwalbar da ke ƙarƙashin gado, wallahi har da kalar kunun. Sai da na fita waje na zauna a ƙasa.

Dakta Bashir: Hajiya, mutum biyu masu aikin lafiya sun ce miki olsa ce, kika yi abin da ake yi wa mai olsa. Ba ke kika huda shi ba, aman ne, tun daren Asabar. Daga yanzu dai ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa, ko na Zamzam, ko rubutu, sai likitocinsa sun ce. Ki tsaya a kan wannan ko da za a ji haushinki.

Baba, na ji maganarka kuma ban raina ta ba. Dalilina na kawo lissafin shi ne akwai masu maganar biza a gidan. Ban san wata hanya da zan nuna musu abin da kwana ɗaya ke ci ba in ban da wannan.

Baba Alhaji: To, in don masu biza ne, na yarda. Amma ka riƙa sassauta harshe.

Auwal Jamus: Ni fa ina ganin masu cewa a fita da shi suna da hujja. Aikin jinya nake a wani asibiti a Hamburg, kuma a nan ba kowa ake tsaga wa ƙirji ba. Da kyamara ake shiga ta baki a sa wani bututu mai kamar raga da aka lulluɓe, ya buɗe ya toshe hujin daga ciki, bayan wasu makonni a cire. Akwai kuma soso da ake kaiwa bakin hujin, a haɗa shi da roba ta hanci zuwa injin da ke tsotsa dare da rana, ana sauya shi duk bayan kwana uku zuwa biyar har wurin ya tsuke. Likitocin Jamus ne ma suka yi fice a wannan dabarar. Na ga tsofaffin da ba za su iya ɗaukar babbar tiyata ba sun tashi da ita. Me zai sa a fasa ƙirjin mutum alhali ga hanya mai sauƙi?

Dakta Bashir: Auwal, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma da muna da sosan nan a ko'ina da na fi kowa murna. Amma ka tuna majinyatanka. Yawancinsu a cikin asibiti hujin ya same su, wajen zura kyamara ko buɗa maƙoshin da ya tsuke, don fiye da rabin masu wannan ciwo a duniya ta nan suke samunsa. Cikinsu wayam yake saboda an hana su ci kafin aikin, kuma nan take ake ganewa. Wannan bawan Allah tumbinsa cike yake da abincin walima lokacin da ya fashe, ya ƙara da kunu, ya kwana uku. Bututunka zai toshe ƙofa, amma wa zai kwashe abin da ya riga ya shiga ɗaki? Ko an sa shi sai an wanke ƙirjin an sa robobi. Ga shi yana iya zamewa ya gangara tumbi.

Maganar jirgi kuwa, mutumin da iska ta taru masa a ƙirji, yana kan iskar oksijin, jininsa na neman sauka, ba a ɗora shi a jirgin fasinja. Iskar ƙara kumbura take yi a sama. Kafin a gama biza da canjin kuɗi an ƙara kwana nawa?

Auwal Jamus: Na karɓi maganar jirgi. Amma ɗinki bayan kwana uku fa? A nan cewa suke naman ya riga ya lalace.

Dakta Bashir: Nan kam ka taɓo inda ke yi mana ciwo. A da ana koyar da cewa in an wuce awa 24 kada a ɗinke. Yanzu abin da ido ya gani a ciki shi ke yanke hukunci. In naman na da sauran ƙwari, a gyara bakin tsagar, a ɗinke hawa biyu, a yanko tsokar tsakanin haƙarƙari a lulluɓe ɗinkin da ita. In ya zama kamar tsumman da ya kwana a ruwa, allura na shiga yana yagewa, sai a sa roba mai siffar T a cikin hujin, ƙazantar ta riƙa fita waje ta hanyar da muka zaɓa mata. In abin ya fi haka, a cire maƙoshin, a fito da bakinsa ta wuya, bayan watanni a jawo tumbi ko a ɗauko babban hanji a yi masa sabuwar hanya. Kowanne aka yi, za a sa masa robar abinci ta ciki kai tsaye zuwa hanji. Hajiya, ki ji wannan tun yanzu don kada ki firgita in kin ga robobi huɗu ko biyar a jikinsa.

Mai Maganin Gado: *(an goge wannan saƙon)*

Mai kula da zaure: Na goge. Mutum an ce hanyar abincinsa a huje take, kai kana tallar garin da za a sha da nono. In ka ƙara zan fitar da kai.

Ɗan Kurmi: Ni wanda nake ganin laifinsa shi ne ƙaramin asibitin nan. Mai kemis dai a bar shi da jahilcinsa. Amma likita guda ya kwantar da mutum kwana ɗaya cur a kan olsa? Ya kamata a kai su ƙara.

Nas Hauwa: Ɗan Kurmi, shekarata goma sha ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman, irin wannan na amai bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba da na gani. Likita na iya gama aikinsa bai haɗu da shi ba. Kama yake yi da ciwon zuciya, da olsar da ta fashe, da ciwon haƙarƙari, ko a Turai ana ɓata lokaci a kansa. Ban wanke su duka ba fa. Ciwon da bai ji allura ba har kwana ya kamata a ce an ɗauki hoton ƙirji. Kuma akwai tambaya ɗaya da ba ta cin ko sisi: aman ne ya riga ciwon, ko ciwon ne ya riga aman? In aman ne ya riga, sannan ƙirji ya ɗauka kamar an soka wuƙa, dole a tuna da maƙoshi. Alama ta uku ita ce kumburin wuyan nan. In ka danna da yatsa za ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar kana murza ledar biskit, iska ce ta shiga ƙarƙashin fata. Matsalar ba kowa ke nuna ta ba, kuma sau da yawa sai an makara take fitowa.

Maman Yusra: Wallahi Anti haka wuyansa yake yi. Matarsa ce ta fara ji da tana gyara masa riga.

Ummu Salma: Yanzu duk wanda ya yi amai mai ƙarfi sai ya tsorata kenan? Ni lokacin laulayi har jini-jini na gani.

Nas Hauwa: A'a, kada mu tayar wa masu ciki hankali. Wancan sau da yawa fatar ciki ce kawai ke ɗan tsagewa ta yi jini, ba ta ɓulle waje ba, kuma galibi da kanta take warkewa, duk da dai jini a amai abin nuna wa likita ne. Wannan kuwa bango ne ya tsage gaba ɗaya. Ciwon ma ba ya barin mutum ya miƙe.

Ɗalibin Likita: Malamai ku ba ni dama in ɗan saka baki, a jarrabawa aka taɓa tambayarmu. Sunan wannan nau'in ciwon Boerhaave, daga wani likita na birnin Leiden a ƙasar Holan, Herman Boerhaave. A 1724 ya rubuta labarin wani babban kwamandan jiragen ruwan ƙasar, Baron van Wassenaer, wanda ya cika ciki da abinci, ya nemi ya sa kansa amai, sai ya ji wani abu ya tsage masa a ƙirji. Bai cika kwana guda ba ya rasu. Da aka buɗe gawar aka tarar da abincin a cikin ƙirji. Daga nan sai da aka yi fiye da shekara 220 ana ɗaukarsa ciwon da ba a tashi, har 1947 da Norman Barrett ya ɗinke shi a Landan majinyacin ya rayu.

Baba Alhaji: Kai kuma ga naka. Ana neman mai kwantar da hankali ka kawo mana mataccen Bature.

Ɗalibin Likita: Tuba nake Baba, 1947 ɗin nake so a riƙe.

Nas Hauwa: Tunda an taru, bari in faɗi waɗanda ni na fi gani a wajenmu, don ba amai ba ne. Na ɗaya sodar sabulu. Mata na jiƙa ta a robar ruwan sha ko kwalbar lemo su ajiye a tsakar gida, yaro ya zo da ƙishi ya kwankwaɗa. Ta ƙone maƙoshin, in bai huje a lokacin ba ya warke a tsuke, sai an yi ta buɗa shi a asibiti, kuma wajen buɗawar ma yana iya hujewa. Na biyu haƙoran roba, musamman guda ɗaya ko biyu ɗin nan da suka yi sako-sako, mutum ya haɗiye su da ruwa ko cikin barci. Na uku ɗan batir mai kamar kwabo na agogo da rimot da kayan wasa. Wannan cikin awa biyu yake fara cin naman yaro. In yaron ya wuce shekara ɗaya kuma yanzu ya haɗiya, ana ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma, kada a wuce sau shida, ana tafe asibiti. Kada a sa shi amai.

Ɗan Kurmi: To fa. Dakta ya ce ko ruwa kada a sha, ke kin ce zuma. Wanne za mu ɗauka?

Nas Hauwa: Duka biyun. Zumar ta batir ce kaɗai, a awannin farko kafin ya huda, don ta rage ƙunar kafin a ciro shi. Ba ta soda ba ce, ba ta ƙaya ba ce, ba ta jariri ba ce. Da zarar ana zaton an huje, baki ya rufe.

Maman Yusra: Alhamdulillah, babban wanmu ya sa hannu, an shiga da shi ƙarfe huɗu, an fito bayan isha'i. Likitan ya ce sun kwashe ƙazanta mai yawa, sun samu sun ɗinke, sun lulluɓe da tsoka kamar yadda Dakta ya faɗa. Yana kan injin numfashi. Na ƙirga robobin, biyar ne.

Dakta Bashir: Madalla. Yanzu aka fara, Hajiya. Kwanakin nan na farko na yaƙi da ƙwayoyin cuta ne, zazzaɓi zai hau ya sauka. Wajen mako guda za su ba shi wani ruwa ya haɗiya a gaban na'urar hoto don a ga ko ɗinkin na yoyo. In an ga ɗan yoyo kada ki ce aiki ya ɓaci, ana yawan samu a ɗinkin da aka yi a makare, kuma muddin roba na kwashe shi yakan rufe da kansa.

Maman Yusra: Yau kwana tara. An cire shi daga injin tun kwana na huɗu. An yi hoton, akwai yoyo kaɗan, sun ce a ƙara jira. Ya rame har zobensa na azurfa ya faɗo a gado. Auduga nake jiƙawa ina goga masa a leɓe, shi kuma yana neman ya tsotse, sai in janye. Jiya wata gwaggonmu ta zo da ruwan addu'a a gora, na ce a shafa masa a goshi da ƙirji. Ta yi fushi ta tafi ko sallama babu.

Baba Alhaji: Kin yi daidai 'yata. Shafawar ma ta isar. Gwaggo za ta huce.

Auwal Jamus: Dakta, a nan da an ga yoyon nan da soso za a sa.

Dakta Bashir: Da ni ma shi zan sa, Auwal. In za ka zo hutu ka taho mana da kwali guda da injinsa.

Maman Yusra: 'Yan uwa, kwana 23 yau. An sake hoto da safe, ruwan ya wuce tumbi bai ɓalle ko'ina ba. Sun ba shi ruwa cokali uku. Ya riƙe na farko a baki ya daɗe kafin ya haɗiye, mu duka muna kallon wuyansa. Da ya gama ya ce wa nas ɗin wannan ai rowa ce. Sun ce robar abinci za ta zauna tukuna, kuma in an sallame mu, duk ranar da ya ji loma na tsaya masa a ƙirji mu dawo, don wurin ɗinkin yakan tsuke sai an buɗa. Gobe za a fara ba shi abu mai ruwa-ruwa. Na tambaye shi me zan kawo, ya ce komai ma, banda kunun tsamiya.